Bin abinci zuwa inda ya nuna: tukunyar gidanmu daga hunturu zuwa kaka

Yawancin gidajen birnin Kano a yau miya ɗaya suke yi daga farkon shekara har ƙarshenta, wato miyar tumatir da tattasai da attaruhu, ko kayan miya suna araha ko suna tsada, ko suna da ɗanɗano ko sun yi lami. Ni dai ina ganin wannan asara ce ta fuska biyu, domin uwargida tana zuba kuɗi a kan abin da ba lokacinsa ba ne, yara kuma suna tasowa ba su san cewa kowane abinci yana da watannin da yake nuna da ƙasar da ta fi karɓarsa ba. A gidanmu abin da gona ta bayar a lokacin shi ne yake shiga tukunya, kuma idan an sami hutu, aljihu ya yarda, hanya tana da lafiya, sai ni da maigida mu ɗauki yara mu tafi inda ake noma abin, mu ci a can, mu sayo wanda za mu adana.

Abin da yake tsara mana tafiya shi ne hutun makaranta. Hutun Disamba yana faɗawa cikin hunturu, na Afrilu cikin tsananin bazara, dogon hutu kuma daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a tsakiyar damina. Kaka, wadda ta fi kowane lokaci yalwar abinci, tana zuwa ne yara suna aji, saboda haka sai dai a saci Asabar da Lahadi a leƙa ƙauye.

Tafiyar da ta fi yi mana amfani ita ce mafi kusa. Daga Kano zuwa Kura da Kadawa a kan hanyar Zariya ba a cin awa ɗaya, amma wanda ya je can a watan Janairu ko Fabrairu zai ga kore shar a lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus a ko'ina. Ruwan yana zuwa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Audu Bako, gwamnan jihar Kano na farko, ya biyo manyan magudanai da ƙanana ya ratsa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Na ga yara sun fi gane darasin noman rani idan suka tsaya a bakin magudana suka ga manomi ya buɗe wa ruwa hanya da fartanya, ya bar shi ya cika fangali ɗaya, ya toshe, ya buɗe na gaba. Tumatir yana son sanyin dare, shi ya sa yake yin kyau a hunturu, idan zafi ya tsananta kuma furensa yakan zube kafin ya ɗaura ’ya’ya, a damina kuwa laima da cututtuka suke hana shi sakat. Wannan shi ne dalilin da ya sa kwandon da ake roƙon mutum ya saya a Fabrairu yakan gagari mai ƙaramin ƙarfi a Yuni. A 2016 ma abin ya wuce na kowace shekara, lokacin da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

A hutun Disamba kallo kawai muke zuwa, domin kaya bai gama sauka ba tukuna. Sayayya sai wata Asabar a cikin Fabrairu, mu yi sammako mu isa kasuwar Kwanar Gafan kafin rana ta ɗaga. A nan ake loda manyan motocin da suke kai tumatir Legas da sauran biranen kudu, kwando a kan kwando, na ƙasa yana matsewa yana tsiyaya tun mota ba ta tashi ba. Mai sayen kwando biyu ko uku kamar mu ba shi ne abokin cinikin da dillalai suke jira ba, saboda haka maigida yakan bari manyan ’yan kasuwa su gama, sannan ya nemi manomin da kayansa suka rage. Ni nake zaɓe, domin ni zan yi aikin. Ina neman mai tauri, mai tsoka, marar ruwa da yawa, irin wanda suke kira UTC, kuma ina roƙon a juye mini kwandon in ga na ƙasa, tun da kowa ya san mai kyau ake jerawa a sama. Manomi yakan yi dariya ya ce, “Hajiya, ke ma ’yar gari ce,” sannan a shiga ciniki da albarka da sallamawa.

Aikin gaske yana farawa ne idan an dawo gida, kuma ba na barin tumatir ya kwana biyu a kwando. Kashi ɗaya muna yanka shi gida biyu ko huɗu, mu shimfiɗa a kan tabarma mai tsabta a saman soro, ɓangaren da aka yanka yana kallon rana. Iskar hunturu busasshiya ce, tana zuƙe ruwan da sauri, amma tana tafe da ƙura, shi ya sa nake rufe shanyar da tsohon gidan sauro da aka wanke, wanda yake tare ƙuda da mafi yawan ƙasa ba tare da ya hana iska ba. Kauɗar da ake shanyawa a bakin titi a kan kwalta ko a ƙasa ita ce ta ɓata wa busasshen tumatir suna, har wasu matan suke cewa yana sa miya baƙi da tsami da ƙasa-ƙasa. Wanda aka busar a gida cikin tsabta, aka jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin a markaɗa tare da albasa mai yawa da busasshen tattasai, miyarsa tana yin ja mai duhu da zaƙi. Kashi na biyu kuma markaɗawa muke yi, mu dafa a babbar tukunya har ruwan ya ƙone ya yi kauri, mu zuba da zafinsa a kwalabe da aka tafasa, mu rufe sosai, mu sake tafasa kwalaben a cikin ruwa. Ba na dogara da firji wajen ajiyar watanni, domin duk wadda ta taɓa zubar da markaɗen wata guda saboda rashin wuta ta san dalili. Tattasai da attaruhu ma a wannan lokaci ake shanya su, haka lawashin albasa.

A gonakin Kadawa ɗin nan ne yarana suka fara ganin alkama a tsaye. Ita ma ’yar sanyi ce, ana shuka ta a Nuwamba ko Disamba, a girbe a wajejen Maris. Alkamar gida da aka wanke, aka shanya, aka kai inji, garinta ba fari tas ba ne kamar fulawar kanti, amma alkubus da funkasau da aka yi da shi sun fi ƙamshi da riƙe ciki. Nakan kwaɓa da yis da ɗan gishiri tun da hantsi, in rufe in ajiye a rana saboda sanyi yana hana ƙullu tashi da wuri, in ya kumburo in zuba a gwangwanaye da aka shafa wa mai in turara a madambaci. Gurasa kuwa ba na wahalar da kaina, domin ba ni da tanderu, kuma matan Jakara sun riga sun gaji sana’ar. Saye muke yi mu yi bandashe a gida da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa da tumatir ɗanye, wanda a watannin nan ba a jin ciwon yanka shi da yawa. Idan mota ta zarce zuwa ƙasar Zazzau, a wajejen Makarfi, sai a haɗu da rake da mazarƙwaila sabuwa, wadda nake sayowa saboda kunu da alkaki.

Kifi ma yana da lokacinsa. Idan ruwan damina ya fara janyewa daga fadamun Haɗeja da Nguru, kifi yakan taru a tafkuna da ƙananan rafuka, masunta su yi ta kamu, kasuwar kifi ta Haɗeja ta cika da tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, ɗanye da banda. Abin da ya kamata a faɗa wa yara a nan shi ne ruwan da suka gani yana shayar da tumatir a Kadawa da wanda kifin nan yake rayuwa a ciki duk ɗaya ne, domin kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Tun da aka gina Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da fadamun suka saba da ita ya canza, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, abin da masunta da manoman can suka daɗe suna kuka da shi. Mukan ci farfesun ɗanyen kifi a can, mu sayo banda, wanda nake sake gasawa sama-sama a kan gawayi idan mun dawo kafin in ajiye, saboda ƙwari. Mutane sukan tambaye ni bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu’azu, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin al’adun duniya da ake kiyayewa a 2016. Kallo ne mai ƙayatarwa ganin dubban masunta sun auka kogin Matan Fada da homa da gora, amma ga mai ƙananan yara da ya fito neman abinci, cunkoso da rana da tsadar masauki sun fi abin da zai ci yawa. Na fi son garin kifi a ranar da ba ta biki ba.

A ’yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu da farkon bazara. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, kuma da yake watan yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, azumin shekaru masu zuwa zai riƙa shiga cikin sanyi sosai, daidai lokacin da kayan lambu suke araha. Wannan sauƙi ne ga masu girkin buɗa-baki, domin kabeji da karas da latas da kokwamba duk suna cika kasuwar ’Yankaba a watannin.

Hutun Afrilu kuwa ba ma yin doguwar tafiya. Zafin Kano a watan yakan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, kuma ban ga hikimar cusa yara a mota na tsawon yini a irin wannan yanayi ba. Girki ma yakan sauya da kansa, domin babu mai marmarin tuwo mai nauyi da rana tsaka. Fura da nono, farau-farau, kunun aya, zoɓo da aka dafa da citta da kanumfari, da jiƙon tsamiya su ne suke riƙe gida, abinci mai nauyi sai bayan magariba. Tafiyarmu ba ta wuce kasuwar ’Yan Lemo da ke Na’ibawa, inda motocin mangwaro suke sauke kaya. Ina zaɓen wanda ƙamshinsa yake fita ta wajen hanci, ina kuma guje wa wanda ya yi rawaya fau a waje alhali cikinsa fari ne mai tsami, domin hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu nunar da ’ya’yan itace da sinadarin kabaid. Gara in sayi ɗanye wanda ya ƙosa, in rufe shi a kwali ya nuna a hankali. A wannan lokaci ne kuma ɗorawa take nuna, yara su sha garinta mai rawaya, kalwar kuma a tara ta. Hajiya, mahaifiyar maigida, ita take aiko mana da daddawa daga ƙauye, wadda aka dafa kalwarta yini guda, aka surfe, aka wanke, aka sake dafawa, aka rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta yi. Tun da na saba da ita na rage yawan dunƙulen da nake jefawa a miya.

Kilishi ma ɗan rani ne, ko da yake yanzu ana sayar da shi kowane wata. Naman da aka yanyana siriri yana bukatar rana mai ƙarfi da busasshiyar iska kafin a tsoma shi a labu a sake shanyawa a gasa, shi ya sa na damina yakan yi taushi ya yi saurin canza wari. Masu son kilishi sun san sunan Madawa a Jamhuriyar Nijar, kamar yadda masu girki suka san albasar Galmi mai launin shuɗi-ja, wadda ake haƙa a ƙarshen rani a kai ta har Ghana da Kwaddibuwa. Daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi ba nisa ba ne, kuma can ne na fara cin cuku da shayi, na ga yadda suke cika dambu da zogale fiye da yadda muke yi. Sai dai an rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a Maris 2024, kuma matsalar tsaro a yankin Jibiya ta sa yanzu saƙo muke bayarwa a kawo mana maimakon mu je da yara.

Farkon damina shi ne lokacin da ya fi gwada uwargida. Hatsin bara ya ja baya a rumbu, na bana bai fito ba, kayan miya sun yi tsada, kuma a nan ne shanyar Fabrairu take biyan wahalarta. Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi suna karɓar aikin da tumatir yake yi, daddawa da banda suna ba su armashi. Amma da zarar ruwa ya zauna, sai ganye ya fito ta ko’ina, har wanda ba a shuka ba. Zogale yana sabon toho, ga rama da yakuwa da alayyafo da lalo da tafasa da yaɗiya, ga ɗanyar kuɓewa da yalo da gauta. Kwaɗon zogale shi ne abincin hantsinmu a mafi yawan ranaku. Ana tsinke ganyen daga itacensa, a dafa har ya yi laushi, a tace a matse, a haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da gishiri da ɗan man gyaɗa. Rama kuma tana bukatar a zubar da ruwan dahuwar farko saboda tsami. Faten tsaki da rama da gyaɗa yana daɗi ranar da aka wuni ana yayyafi, haka ɗanwake da dafaffen ƙwan zabi, domin zabi a damina suke yin ƙwai, kuma a lokacin ne ake samunsa da araha a bakin hanya. Shanu ma sun sami ciyawa, nono ya yawaita, man shanu ya sauko, sai in saya in soya shi da albasa in ajiye a kwalba.

Babbar tafiyarmu ta shekara a dogon hutu take, kuma mafi yawa Jos muke nufa. Hanyar tana bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Saminaka kafin a fara hawan tsauni. Ba ma tashi sai maigida ya tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon, kuma ba ma yarda dare ya same mu a daji. Guzuri daga gida nake haɗawa, dambun nama da dafaffen ƙwai da gurasa da ruwan sha mai yawa. A hanya doka ɗaya na kafa wa yara, wato abin da aka sauke daga wuta a gabanmu shi za a ci. Gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa mai zafi da tsiren da aka ɗauko daga tukuba sun halatta, yankakkiyar kankana da aka jera a faranti da zoɓon ƙulli kuwa ba na yarda, domin damina lokacin kwalara ce da zawo.

Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a watan Agusta ɗan Kano yakan nemi rigar sanyi da bargo. Wannan sanyi shi ya sa ƙasar take karɓar abin da ba ya yi a wajenmu sai da ban-ruwa a hunturu. Mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Najeriya daga jihar Filato yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin, kuma girbin damina yana sauka ne a wajejen Yuli da Agusta, daidai lokacin hutu. Saboda rikice-rikicen da aka yi ta fama da su a wasu daga cikin waɗannan yankuna, mu a cikin gari muke tsayawa, mu yi sayayya a kasuwar Farin Gada, inda ake sauke dankali da kabeji da karas da koren wake da koren tattasai. Sabon dankali fatarsa siririya ce, da yatsa ma ana murje ta, kuma bai kamata a ɓata shi da suya cikin mai mai yawa ba. Dafa shi nake yi da gishiri, in zuba man shanu da yaji, ko in yi fatensa da alayyafo da banda. Ba na sayen buhu guda duk arahar da ya yi, domin ɗanyen dankalin damina yana ɗauke da ruwa, idan ya sauko zafin Kano kuma ba ya daɗewa yake fara ruɓa. Abin da za mu ci cikin mako biyu nake ɗauka, da na rabon maƙwabta.

Abin da nake cika mota da shi daga Jos shi ne acca. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, tana nuna da wuri, tana kuma yi a ƙasa mai duwatsu da sauran hatsi ba sa so, kuma ita ce tushen abincin Birom da maƙwabtansu tun kaka da kakanni. A wurin wata maƙwabciyar masaukinmu, wadda yara suke kira Mama, na koyi gwate irin nasu. Ana tafasa ƙashi ko nama da albasa da attaruhu da daddawa, a zuba acca ko tsakin masara, idan ya fara dahuwa a kawo gauta da yakuwa da alayyafo da kabeji a zuba da yawa, har ganyen ya kusa rinjayar hatsin, a bar shi da ruwa-ruwa a sha da zafi. Ya yi kama da fatenmu, sai dai ɗacin gauta da tsamin yakuwa sun fi fitowa. Wahalar acca ɗaya ce, wato tsakuwa da yashi. Dole a rege ta a ƙwarya cikin ruwa, a sake regewa, har sai an daina jin ƙasa a gindin ƙwaryar, sannan a shanya ta bushe sarai kafin a ajiye. Ko wadda aka ce an gyara ba na yarda da ita sai na sake wankewa. Idan ta bushe tana shekara ba ta lalace ba, muna yin tuwonta da kununta da dambunta.

Kafin a koma makaranta gero ya fara nuna, domin shi yake riga dawa da maiwa. Mukan kai yara ƙauyen su maigida su gaida Hajiya da baffanninsu, su ci tumu, wato sabon kan gero da aka babbaka a wuta aka murje a tafin hannu. Daga Oktoba zuwa Nuwamba kuma kaka ta kankama, ana yankan gero ana ɗaure dammuna, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, kabewa tana kwance a gefen gona. Ina son yara su tsaya su ga yadda Baffa yake ware zakka tun a gona, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, su kuma ji cewa na noman ban-ruwa da aka sha wahalar shayarwa ɗaya cikin ashirin ne. Ganyen kuka ma a ƙarshen damina ake ɗiba, kuma a inuwa ya kamata a shanya shi idan ana so garin ya fito kore, domin rana tana mayar da shi ruwan ƙasa. Kuɓewa kuwa ƙanana masu taushi ake yankawa a shanya, waɗanda suka tsufa sai dai a bar su iri.

Hatsin shekara a wannan lokaci muke saye, wani a ƙauye, wani a kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina, wadda tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Wake shi ne mai wuyar ajiya saboda ƙwari, kuma ba na yarda a zuba mini maganin feshi a cikin abin da yara za su ci. Ana shanya shi ya bushe har ya riƙa ƙara a haƙori, sannan a zuba a jarka mai murfi a cika ta fal a toshe, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, domin idan iska ba ta shiga ƙwaron yakan mutu da kansa. Gyaɗa kuma laima ce abokiyar gabarta. Wadda ba ta bushe sosai ba tana yin fumfuna mai guba da ke cutar da hanta, saboda haka nake ajiye ta da ɓawonta a kan katako, nesa da ƙasa da bango, in kuma tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta motse kafin a kai niƙa.

Girkin da ya fi dacewa da makonnin nan shi ne miyar taushe, domin duk kayanta sababbi ne a lokaci ɗaya. Nakan dafa kabewa tare da nama mai ƙashi har ta yi laushi, in tsame ta in dame, in mayar cikin romon da kayan miya da daddawa, sannan in kawo niƙaƙƙiyar sabuwar gyaɗa in zuba ina juyawa don kada ta kama. Alayyafo da ’yar yakuwa su ne na ƙarshe, kuma ba na rufe tukunya bayan na zuba su, saboda ganyen ya tsaya kore. Da tuwon sabuwar shinkafar Kura muke ci da dare, abin da ya rage kuma a ɗumama shi da safe a ci da waina. Kabewar da ba a fasa ba tana iya wata biyu ko fiye a wuri mai sanyi da iska idan an bar mata hancinta, saboda haka mukan ɗauko biyar ko shida daga gonar Baffa, mu jera su a ƙarƙashin gado a ɗakin ajiya, a riƙa duba su lokaci-lokaci ana fara yanka wadda ta nuna alamar taushi.